Malama Briskila Bulus, Mai Zanen Ƙwarya ta Mount Hope

Fiye da shekara goma ke nan ana raɗe-raɗi a tsakanin Hausawa Kiristoci mazauna Bronx cewa taron da marigayiya Malama Briskila Bulus take kai mata kowace kaka a Staten Island ba na addu'a ba ne, bori ake yi a can, har ma wani dattijon ikilisiya ya gani da idonsa. Masu faɗa sukan rufe bakinsu da cewa ruwa ba ya tsami banza. Mai wannan rubutu kuwa ta tsufa tana ganin ruwa yana tsami don kawai an zuba shi a ƙazamin tulu, saboda haka ta bi sawun maganar tun daga tushe, ta tambayi 'ya'ya da maƙwabta da matan da suka halarta, kuma ga tarihin yadda ta same shi.

Haihuwa da asali

An haifi Briskila ranar Laraba, 14 ga Oktoba 1953, ana tsakiyar yankan gero, a wani ƙauyen Maguzawa da ke kudu da Malumfashi a lardin Katsina. Mahaifinta, Malam Ishaya Nomau, shi ne mutum na farko da ya karɓi baftisma a danginsu, ya kuma zama mai bishara a ƙauyukan yankin. Mahaifiyarta Saratu manomiya ce mai sayar da daddawa. Kakarta ta wajen uba, Iya Tambai, ba ta bi ɗanta zuwa coci ba har ta koma ga Mahaliccinta. Shahararriyar 'yar bori ce, wannan gaskiya ne, 'ya'yan marigayiyar da kansu suka tabbatar. Abin da masu raɗe-raɗi suke tsallakewa shi ne, tsohuwar tana da sana'a ta biyu, wato zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi, kuma wannan ce kaɗai ta gadar wa jikarta, domin Malam Ishaya ya gindaya wa mahaifiyarsa sharaɗi cewa ta koya wa yarinyar aikin hannu, ban da aikin iska, ita kuma ta cika alkawari.

Karatu da fara aiki

A shekarar 1960 aka sa ta makarantar firamare ta mishan a Malumfashi, inda ta kammala a 1967, daga nan ta zarce makarantar 'yan mata ta Kwoi. Malamanta sun shaide ta da ƙwazo a ilmin halittu da kuma taurin kai a kan abin da ta ɗauka gaskiya ne. A 1972 ta shiga makarantar koyon jinya a Wusasa, ta fito da takardar shaida a 1975, aka tura ta Funtuwa, ɗakin masu haihuwa. A can ne wata tsohuwar ungozoma ta koya mata ƙa'idar da ta riƙe har ƙarshen rayuwarta, cewa abin da ma'aikaciyar jinya ta gani a ƙarƙashin zanen mutum, a ƙarƙashin zanen take barinsa.

Aure da zuri'a

Ranar Asabar, 17 ga Disamba 1977, aka ɗaura aurenta da Malam Bulus Magaji, malamin lissafi ɗan asalin Gani ta ƙasar Kano, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa yarda an ci tuwo ba a yi addu'a mai tsawo ba. Allah ya albarkace su da Alheri a 1979, da Nuhu a 1982, da Murna a 1986. Akwai kuma Ƙauna, wadda ta rasu tana jaririya a 1984. Sun zauna a Funtuwa, sannan Zariya, cikin rufin asiri, kuma duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa ƙarfen zane ba, domin roba da tasa sun kori ƙwarya daga gidajen ma'aikata, ita ma tana ganin aikin na ƙauye ne.

Ƙaura zuwa New York

A 1996 sunan Malam Bulus ya fito a cacar bizar Amurka, iyalin suka sauka a unguwar Mount Hope ta Bronx, a hawa na huɗu na wani dogon gini kusa da Grand Concourse. Malamin lissafi ya koma tuƙin tasi, ma'aikaciyar jinya mai shekara ashirin a bakin aiki ta koma kula da tsofaffi a gidajensu, tana karatun jarrabawa a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, har ta ci a 1999 ta samu aiki a wani asibiti a Harlem. Ita da mijinta suna cikin waɗanda suka kafa ƙaramar ikilisiyar da ke sujada da Hausa a ƙasan wani bene, kuma ita aka zaɓa shugabar zumuntar mata.

Malam Bulus ya rasu a watan Yuni 2004 bayan gajeriyar jinya. Kafin shekara ta zagayo, yara duk sun watse zuwa aure da karatu, gidan da ya yi musu ƙunci ya zamar mata fili. A kakar 2005, tana dawowa daga aiki, ta ga manoma sun baje busassun duma a kasuwar bakin titi, Turawa suna saye don ado. Ta sayi biyu, ta fafe su a kicin, ta sa tsohuwar wuƙa a kan murhun gas. Ba ta gama layi na farko ba ƙararrawar hayaƙi ta tashi ginin duka. Maƙwabciyarta Hajiya Zuhura, 'yar Zangon Kumasi, ta buga ƙofa da bokitin ruwa a hannu, da ta ga abin da ake ciki ta ce, "Kai, sista, mutane suna ƙona shinkafa, ke kwano kike ƙonawa?" Daga ranar suka ƙulla amincin da mutuwa ce ta raba, kuma a ɗakin Hajiyar ƙwaryar farko take har yau.

Kafa Zaman Kaka

A Oktoba 2007, tana da shekara hamsin da huɗu, ta kira taron farko, ta sa masa suna Zaman Kaka. Hujjarta ita ce, ikilisiya tana da shiri domin yara da matasa da amare, tana da gaisuwa domin tsofaffi, amma matar da ta wuce goyo ba ta kai sanda ba, sai dai a tuna da ita ranar girkin biki. Ta kama hayar wani tsohon gidan baƙi na coci a kan tudu bayan unguwar Stapleton a tsibirin Staten Island, mai fili da manyan itatuwa, daidai lokacin da ganye yake komawa ja da ruwan ɗorawa. Mata suka hau jirgin ruwa da yammacin Juma'a, kowacce da bargo da Littafi Mai Tsarki, suka dawo Lahadi kowacce da ƙwaryar da ta zana.

Tsarin bai canja ba tun daga lokacin. Da safe addu'a da karatu. Daga nan a jiƙa ƙore a manyan bahuna, a kife su don bayan ya yi laushi, a kankare da cokali, a shanya. Da rana a hura gawayi a murhun gasa nama a tsakar fili, a jera ƙarafa, kowacce ta zana abin da karatun safe ya bar mata a zuciya: wata gidan mahaifinta, wata kifi, wata layuka kawai. Idan hannun wata ya goce ta fara salati irin na gida, Malama takan ce, "Wuta ba ta da magogi, 'yar'uwa. Ja shi ya zama reshe." Dokoki biyu ne: ba a zuwa da anko na zumunta, kuma abin da aka ji ko aka gani a Zaman Kaka ba ya hawa jirgin ruwa. Saboda doka ta biyu ne matan suka riƙa faɗin abin da ba su taɓa faɗa wa fasto ba.

Al'amarin shekarar 2013

Gab da tsakar ranar Asabar, 19 ga Oktoba 2013, Dattijo Irmiya Sambo, ma'ajin ikilisiya, ya kawo ɗaya buhun gawayin da aka manta a Bronx. Tun daga bakin ƙofar fili ya ji amon ƙore. Da ya leƙa, ya ga ƙore a kife a kan ruwa, ga wuta, ga ƙarafa, ga wata mace a ƙasa tana karkarwa, Malama Briskila a durƙushe a kanta, sauran mata sun kare su da zannuwa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hoton da wannan ya yi kama da shi, balle wanda ya san ko wace ce Iya Tambai. Ya ajiye buhun, ya juya. An ce gani ya kori ji. To, wani ganin shi yake haifar da jin.

Majalisar dattawa ta kira ta a makon da ya biyo. Ta ce ba bori ba ne. Aka ce to mene ne, kuma wace ce a ƙasa? Ta ce ba za ta faɗa ba. Fasto ya lallashe ta, ya ce, "Mama, suna ɗaya kawai, mu kira ta mu ji daga bakinta, magana ta mutu." Ta amsa, "Baba Fasto, in na ba ku suna ɗaya yau, baɗi wa zai ba ni amana?" Aka tambayi sauran matan, kowacce ta ce ita ƙwaryarta take kallo. Majalisa ta ɗora mata horo: aka sauke ta daga shugabancin zumunta, aka dakatar da ita daga Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙon tarayya a coci, aka mayar da ita bencin baya.

'Ya'yanta sun fusata, Nuhu ya nemi ta bar cocin, ta ƙi, ta ce ita da mahaifinsa suka sayi kujerun farko. Ba ta fasa sujada ko sau ɗaya ba. Ga masu yi mata jaje takan ce bencin baya ya fi kusa da hitar ɗumama ɗaki, kuma da ta sani da tuni ta yi laifi. Murna dai ta shaida cewa ranar Jibi, idan tire ya wuce ta, takan sunkuyar da kai ta daɗe ba ta ɗago ba. A Disambar shekarar aka yi bikin ɗan Dattijo Irmiya da 'yar Malama Asabe Yohanna, ɗaya daga cikin matan Zaman Kaka. Malama Briskila ta halarta daga bencinta, ta ba amarya babbar ƙwarya mai zanen kurciyoyi biyu, ta kuma taka rawa har ɗankwali ya faɗi.

Shekarun ƙarshe

Masu hasashen cewa taron zai mutu ba su san mata ba. A kakar 2014 sai da aka ƙara katifu, wasu sun zo ne don su ga bori, suka koma gida da ƙwarya da ƙunar yatsa, baɗi kuma suka dawo. Matan Gana da na Nijar da na kudancin Kaduna suka shigo, har da baƙaƙen Amurka biyu da ake yi wa tafinta. A 2016 sabon fasto ya ɗage horon ba tare da wani bayani daga kowane ɓangare ba, ta koma cin Jibi, amma ta ƙi barin bencin baya, ta ce gwiwoyinta sun saba. Ta yi ritaya a 2018. A shekarar annoba ta aika wa kowace mace duma ta gidan waya, aka yi zaman ta waya, ƙararrawar hayaƙi tana tashi gida-gida ana dariya. Jikokinta suna jin Hausa su mayar da Turanci, amma biyu daga cikinsu sun iya riƙe ƙarfe. Zamanta na ƙarshe shi ne na Oktoba 2022, inda ta damƙa wa Malama Asabe ƙarafanta a cikin tsumma.

Rasuwa

Malama Briskila Bulus ta rasu ranar Alhamis, 9 ga Maris 2023, a gidanta na Mount Hope, sakamakon ciwon zuciya, tana da shekara sittin da tara. An yi sujadar jana'iza ranar Asabar, 18 ga wata, aka binne ta kusa da mijinta a New Jersey. Matan Zaman Kaka sun raka ta kowacce da ƙwaryarta a hannu, Hajiya Zuhura tana cikinsu da tata. Ta bar 'ya'ya uku: Alheri, ma'aikaciyar jinya a Maryland, Nuhu, injiniya a Texas, da Murna, malamar makaranta a Bronx, da jikoki bakwai.

Abin da bincike ya tabbatar

A kakar 2023 mai wannan rubutu ta je gidan na Stapleton, ta tsaya a bakin ƙofar fili daidai inda dattijon ya tsaya, ana kankare ƙore a kan ruwa, kuma amon ya yi kama da kiɗa. Abin da ya rage kuwa, mai shi ce ta faɗa, ta kuma nemi a rubuta da sunanta.

Matar da ke ƙasa ranar nan Malama Asabe Yohanna ce. Tana da farfaɗiya tun tana budurwa, tana shan magani a ɓoye, kuma a lokacin saura wata biyu a ɗaura auren 'yarta da ɗan Dattijo Irmiya, wanda danginsa ba sa aure daga gidan da ke da wannan ciwo. Malama Briskila ta kwantar da ita a kan gefenta, ta sa mata tsumma a ƙarƙashin kai, ta sa aka kare ta da zane har ta farfaɗo. Ba a taɓa yin bori a Zaman Kaka ba.