Kawu da kwalin dabino

Jiya na tarar da Kawu Isufu a ƙofar gidanmu a Vaulx-en-Velin, ya sha babbar riga, riƙe da goro da kwalin dabino. Har ya sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa Paris.

Ƙanena Sani ne ya karya wa abokin aikinsa muƙamuƙi a kasuwar Rungis, can kusa da Paris. Alƙali ya yanke masa ɗauri, amma ya ce ya zauna gida shekara biyu ana sa masa ido. Cikin sharuɗɗan har da kada ya kusanci mutumin, ko a waya. In ya saɓa, sai gidan kaso.

Kawu ya ce Sani ya sa takalmi, za a je ban haƙuri.

Na ce, "Kawu, in ya taka ƙofar mutumin nan, kulle shi za a yi."

"Don ya ce a yafe masa?"

"E, Kawu."

"To ni in je a madadinsa."

"Lauyar Sani ta ce ko aike kada ya yi."

Kawu ya daɗe yana kallon tikitin. Sannan ya ce, "Wato shekara biyu zai kwana da haƙƙin mutum a wuyansa."

Sani dai kansa na ƙasa.

Goron an raba wa maƙwabta. Dabinon kuwa Kawu ya ɗora bisa firij, ya ce kada wanda ya taɓa, dabino yana jure shekara biyu.

Ku da kuka san dabino, da gaske yana kaiwa?