Gadin Takalma

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Yohanna, malamin wasanni a firamaren da na yi a Malumfashi. Daga baya ya zama abokina, har yakan sha shayi a bakin shagon ɗinkina.

Shan inna ta shanye mini ƙafafu tun ina ƙarami. A lokacinmu, da an kaɗa ƙararrawar wasa sai yara su tuɓe takalma su tara a gindin darbejiya, a ce gurgu ya yi gadi. Shekara uku ina wannan aiki. Na san silifas ɗin kowa, amma hannuna bai taɓa riƙe ƙwallo ba.

Ranar da Malam ya fara zuwa, ya tsaya a kaina ya ce, "Kai, wa ya ba ka aikin gadi?" Ya ɗaura igiyar shanya ƙasa-ƙasa tsakanin bishiyoyi biyu, ya ce kowa ya zauna, a buga ƙwallo da hannu ta tsallake igiya, wanda ya miƙe an ci shi. Hannuwana sun saba jan jiki, wallahi na lallasa masu ƙafa! An sace takalma biyu a ranar, iyaye suka kawo ƙara, shi ko a jikinsa.

'Yata Hauwa tana aji huɗu a makarantar. Babur ya buge ta a hanyar Dayi, ƙafar dama ta gajarce. Makon jiya na biya ta wurin a kan kekena na guragu, na hango ta a gindin darbejiyar nan, takalma tsibi a gabanta. Malamin wasanni na yanzu Sani ne, ɗan ajinmu da muka zauna a ƙasa muka buga ƙwallon Malam tare da shi.

Na ce, "Haba Sani, har kai?"

Ya ce, "Tausayinta muke ji, Bala. Kar ta ji ciwo a ce mu ne."

Tausayi! Na tsani kalmar nan. Da Malam na raye ba zai tsaya musu ba, igiya zai nema. Mu kuwa sai yabonsa a wurin taro. Ni kaina, mai wannan surutu, ban taɓa kai musu igiya ba, kuma abin yana cina.

Ina juya keke Hauwa ta ɗago hannu tana murmushi.

"Baba, ka gani? Ko ɗaya bai ɓata ba."