Bang Marjohan, Wanda Ya Cire Hayaƙi Daga Rahoton Yanayi

Allah ne Ya bayar, kuma Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, tara ga Satumba, bayan Azahar, Bang Marjohan, editan labarai na gidan rediyonmu a Jambi, ya cika a asibiti bayan doguwar fama da ciwon ƙirji.

Bang, wato yaya, kamar yadda muke kiranka, ni ce mai karanta wa jama'a abin da ka rubuta. Kafin zuwanka, duk rani idan aka cinna wa daji wuta don share filin kwakwar manja, a rahoton yanayi nake karanta hayaƙin, tsakanin iska da ruwan sama, kamar Allah ne Ya saukar. Kai ka ɗauke shi ka mayar cikin labaran laifuka, kusa da ɓarayin babura. Manaja ya yi faɗa, ya ce kamfanoni za su janye talla. Ka ce, "Pak, ranka ya daɗe, ruwan sama ba shi da ofis. Wannan kuwa yana da shi, har da mai gadi."

Ban manta ranar da numfashin 'yata Nurlela ya sarƙe ba. Ka goya ta a babur zuwa asibiti, ka ɗaura mata takunkuminka, kai ka tafi fuska a buɗe. Kullum kana tsokanata wai muryata ta yi taushi, ko sammaci na karanta sai a zaci gayyatar biki ce.

Jiya, tun ba a yi addu'ar uku ba, manaja ya mayar da hayaƙin cikin rahoton yanayi. Ya ce ƙaddara ce, ya kuma tuna mini akwai masu son kujerata. Ni ban iya ɗaga murya ba. Amma malaman da suka koya mana imani da ƙaddara ba su koya mana jingina wa Allah ashanar da mutum ya ƙyasta ba. Na karanta iska, na karanta ruwa, na tsallake hayaƙi. Da aka zo laifuka, na sa shi a farko. Ban sani ba ko gobe za a bar ni in shiga ɗakin labarai. In an bar ni, haka zan sake yi.

Kak Rosnah, uwargidan marigayi, da 'ya'yansa Taufik da Hasnah, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku. Bang, Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya shaƙar da kai iskar Aljanna.

Yusnimar Ilyas, Jambi