Lakar da Na Tankaɗe da Hannuna

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban rubuta komai a nan ba, ni da na saba cika muku ido da hotunan ganyen salati da shu, wato kabeji. Jinya na yi, kuma ina ganin wajibi ne in bayyana musabbabinta.

Da bushewar ciki ta fara. Sai murɗawa a ƙasan cibiya, sai ɗanɗanon ƙarfe a baki. Na sha kanwa, na sha maganin masassara har sau biyu, babu sauƙi.

Wata safiya butar ban ruwa ta suɓuce mini. Wuyan hannuna na dama ya langaɓe, ya ƙi ɗaguwa. Da hannun nan nake ciyar da gidana. Ranar na san tsoro.

Daga Gure aka tura ni asibitin Damagaram. Tumaki biyu muka sayar don mota da awon jini da kwanciya. Maiɗakina Falmata ta shimfiɗa tabarma a gefen gadona, ba ta gusa ba.

Lokotoro, wato likita, ya ce jinina ya yi ƙasa. Ya ɗaga leɓena, ya daɗe yana duban wani zane mai duhu a dasashina.

"Malam, batir kake fasawa?"

"A'a, mai garka ne ni."

"To, me kake taɓawa kullum?"

Kafin in shirya amsa, Falmata ta ce, "Lokotoro, ƙasa yake tankaɗewa kamar garin tuwo. Rariyar ma tawa ce, na bar masa."

Gaskiya ta faɗa. Garkata rairayi ne, ba ya riƙe ruwa. Na karanta a wata takardar koyar da noma cewa laka tana riƙe ruwa da taki. Sai na riƙa ɗebo busasshiyar laka daga wani rami a bayan tsohon garaji, in daka, in tankaɗe, in gauraya a kwamin iri. Ƙurarta na shaƙa, da hannun kuma nake ɓare goro.

A bakin ramin nan aka yi shekaru ana fasa tsofaffin batura, ana tuttular da ruwansu. An daɗe da bari, don haka na ɗauka damina ta wanke wurin.

Lokotoro ya ce, "Takardarka ba ta yi ƙarya ba, rabi ta faɗa. Rairayi yana barin abu ya wuce. Laka kuwa kamawa take yi, ba ta zaɓe. Yadda ta riƙe taki, haka ta riƙe dalma, kuma ruwan sama ba ya ƙwace ta."

An aika jinina nesa, muka jira. Sakamako ya tabbatar dalma ce. Aka fara ba ni magani mai fitar da ita ta fitsari, ana awon ƙoda a kai a kai. Falmata ke ba ni fura a baki. Na tambayi lokotoro ko hannun zai dawo, ya ce, "Jijiya ba ta son gaggawa."

An auna Falmata, Allah ya tsare ta. Ba na yarda kowa ya taɓa mini aiki. Karon farko ke nan da wannan hali ya amfani wani.

Yayana ya tumɓuke abin da ke kwamin, ba a sayar da ko ganye ɗaya ba, aka kwashe lakar aka binne nesa da rijiya.

Alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan asibiti da duk wanda ya yi mini addu'a.

Shawarata: kafin ku ɗebi laka don garka, yaɓe ko tukunya, ku tambayi dattawan unguwa abin da aka taɓa zubarwa a wurin. Kada ku tankaɗe ta a bushe. Ku wanke hannu kafin cin komai, ko da goro ne. In kuka ji ciwon ciki da mutuwar hannu, ku faɗa wa likita sana'arku dalla-dalla.

Jiya na ɗaga buta cike da ruwa da hannun dama. Daga garka na wuce kasuwa, na sayo rariya sabuwa, na miƙa wa Falmata da hannun.

Ba rariyar ta fara kamawa ba, hannun ta riƙe. Can ta ce, "Wannan ta tuwo ce fa, Malam."