Lallen da Ya Kama a Takaba

Duk unguwar Majengo ta Mombasa an san Mishi da ɗaukar bidiyon biki. Shekara goma sha shida tana saɓa kyamara tana kutsawa cikin mata, ta ɗauki amarya ana yi mata ƙunshi, ta ɗauki uwar ango tana juyi, har tukwanen shinkafa ba ta bari. Sai wayar hannu ta zo ta karya mata kasuwa. Kowace 'yar dangi ta zama mai ɗauka, kafin Mishi ta isa gida an gama watsa bikin. Miji kuwa tun da ya tafi Maskat tuƙin mota, abu ɗaya ya aiko mata da shi, takardar saki.

Yadda ta faɗa sabuwar sana'ar abin dariya ne. Ta sa wani guntun bidiyo a shafinta don talla, ƙafar amarya ce kawai ana zana mata fure. Wani mutum daga can ƙasashen sanyi ya rubuto yana neman irinsa mai tsawo, ya ce ba ya buƙatar fuska, ƙafar ta ishe shi. Mishi ta ɗauka mai koyon ƙunshi ne. Sai da ya turo kuɗi ya ce a sa ƙafar ta taka nunannen mangwaro a hankali, sannan ta gane inda aka dosa. Ashe akwai mazan da sha'awarsu ba ta haura idon sawu ba, kuma suna da yawa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ta yi salati, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta yafa mayafi ta tafi sayen mangwaro.

Ta gyara ɗakin baya, ta rataya farin labule, ta samo mata uku, dukkansu iyayen 'ya'ya masu neman rufin asiri. Daga ƙwauri zuwa sama kyamararta ba ta da ido, wanda ya nemi fiye da haka ta toshe shi. Sauti ma cire shi take yi, don ladanin unguwar yana da wata shaƙaƙƙiyar murya da ko a Nairobi aka ji za a ce Majengo ne. Zanen ɗaurawa ba ya shiga hoto, saboda matan Mombasa sun san wadda ta sayi kowane zane. Maƙwabta kuwa an gaya musu tallar man kaushi ake yi, suka yarda, ko suka yi kamar sun yarda.

Cikin matan nan uku, ƙafar Saumu aka fi nema. Ƙawar Mishi ce tun suna islamiyya, siririya mai ƙarancin magana, tana aure a unguwar Kisauni, ita da mijinta Mwinyi da uwarsa a gida ɗaya. Mwinyi ya fita kamun kifi wata Asabar, aka dawo da gawarsa ranar Litinin. Saumu ta shiga takaba da 'ya'ya mata biyu da tsohuwa a wuyanta. Tun ranar sadakar uku wan mijinta, Kombo, ya fara cewa yaran za su fi samun tarbiyya a gidansa da ke can garin Malindi. Tsohuwar ce, Bi Mwanaidi, ta ce ba mai raba mata jikoki da uwarsu muddin uwar tana zaune da mutuncinta. Kombo ya riƙe wannan kalma ta ƙarshe, ya koma gefe yana jira.

Sau biyu Saumu tana kiran Mishi a waya a ba ta aiki, Mishi tana ƙi. A na uku ta ce, "Mishi, jiya ruwan shayi muka sha muka kwanta. Kombo buhun garin masara ɗaya ya kawo tun rasuwa, shi ma sai da ya gaya wa duk layin. Ki taimake ni."

Mai takaba ba ta fita sai da lalura, don haka suka ƙirƙiro lalura. Duk Laraba Saumu takan ce za ta asibiti awon jini, ta rufe jikinta ruf, ta hau tuktuk, babur mai ƙafa uku, kafin azahar ta koma da ledar cefane.

Larabar da abin ya faru, kwananta casa'in da biyu a takaba. Wani tsohon mai saye ya nace yana son ƙafar nan da jan lalle, fure tun daga yatsu har idon sawu. Mishi ta san haramcin ado ga mai takaba kamar yadda ta san sunanta, amma ta yi lissafi irin na wadda ta tashi a gidan masu ƙunshi. Lalle ba ya kamawa sai ya daɗe, a gidansu har kwana ake yi da shi. In ta zana ta ɗauka cikin minti goma sha biyar aka wanke, ko alama ba za a gani ba. Abin da ba ta sa a lissafi ba, garin da ta sayo a kanti ba irin na uwarta ba ne da ake daka ganye a tankaɗe. Na zamani ne mai haɗi, wanda aka yi don amaren da ba su da haƙurin zama.

Ta zana furen, ya yi kyau ƙwarai, ita kanta sai da ta tsaya kallo. Ta ɗauka. Ta kawo ruwa a roba ta zuba, danshin lallen ya bi ruwa ya tafi, furen ya zauna daram, ruwan goro, kowane layi a fili.

Mishi ta ɗago ta dubi Saumu.

"Ƙara ruwa," in ji Saumu.

Ta ƙara. Ta kawo sabulu, ta kawo lemun tsami da toka, ta kawo man goge baki. Ta durƙusa tana dirza da dutsen kaushi har fatar ta fara salewa. Furen sai ƙara nuna yake yi, don lalle haka yake, yana shan iska yana duhu, wanda aka gani yau ba komai ba ne a kan na gobe.

"Kin ce ba zai kama ba." Saumu ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi wa Mishi sauƙi. "Kin ce ke 'yar masu ƙunshi ce."

"Wallahi Saumu ban taɓa ganin irin wannan ba. Ki sa safa mana, sati biyu ya goge."

"Safa? A tsakar gida nake alwala, Mama na zaune a kan tabarma tana kallona. Sau biyar a rana. Da safar zan yi wanka?"

Ta juya ta dubi butar shayi da ke tafasa a kan risho. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙe ƙafafun a kan siminti.

"Zuba min."

"Kin haukace?"

"Ƙuna ba abin kunya ba ce. In ce a asibiti wata ta ɓarar min da ruwan zafi. Zuba min, Mishi, kafin zuciyata ta karaya. Fata za ta sake fitowa, 'ya'yana in sun tafi Malindi ba za su dawo ba."

Mishi ta sure butar ta fita da ita, ta kwarar a magudana. Tsoro ne ya cika ta, da kunya, don ita ta jawo wa baiwar Allah wannan da wayonta na banza. Tana tsaye tana kallon tururin sai ta tuna kakarta, wadda ke fama da zafin tafin ƙafa da faso. Ba fure ake yi mata ba, dungulmi ake lafta mata har idon sawu, a matsayin magani. Kuma magani ko mai takaba ba a hana ta.

Ta koma da gudu ta kwaɓa sauran garin duka. Suka lafta shi da kauri a kan furen, suka ɗaure da leda, suka zauna jira. Aka kira azahar suna zaune. Wayar Saumu ta yi ƙara, ta duba, ta kife ta. Ta sake yin ƙara.

"Kombo ne," ta ce. "Ba ya kirana sai in yana gidan."

Da suka kwance ledar, ƙafafun sun yi jawur kamar an tsoma su a miyar tumatir. Daga tsaye ba ka ganin komai. Amma Mishi da ta durƙusa ta ga abin da take tsoro, inda lalle ya hau sau biyu ya fi duhu, ganyen furen na nan a ƙasa kamar zane a tsohon kwano.

"Ya ɓace?" in ji Saumu.

"Ya ɓace," in ji Mishi. Ta ɗauki mayafinta. "Tare za mu tafi."

Kombo na zaune a dakalin ƙofar gida yana kaɗa mukullin babur. Ya kawar da kai yadda ya dace da mai takaba za ta wuce, amma idonsa ya sauka ƙasa, kuma silifa ba ta ɓoye dunduniya. Ya miƙe tsaye.

"Mama! Mama, fito ki ga awon jinin da ake zuwa yi! Ƙanena ko wata huɗu bai yi a ƙasa ba an fara yi wa wani kwalliya. Dama na faɗa, kika ce ni ne mai mugun baki."

"Magani ne, Yaya Kombo," in ji Mishi. "Tafin ƙafarta ke zafi."

"Ke kuma wa ya sa da ke, mai hoto? Likita kika zama?"

Matan maƙwabta sun fara leƙowa. Daga cikin gida muryar tsohuwar ta fito, ba sauri ba tsawa. "Kombo, in ka gama tara min jama'a ka zauna. Ku biyun ku shigo."

Bi Mwanaidi na zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta, inda haske ya fi yawa. Mace ce da ta yi wa amare ƙunshi tun kafin a haifi Mishi. Ta nuna wa Saumu wurin zama a gabanta, ta ɗauki ƙafar dama ta ɗora a cinyarta, ta juya ta wajen rana. Ta sa babban yatsa ta bi wani layi tun daga ɗan yatsa, ta lanƙwasa inda ganyen ya lanƙwasa, har ta kai idon sawu. Mishi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Saumu ta rufe ido, hawaye na bin kumatunta.

"Wa aka yi wa?" Tsohuwar ta yi tambayar ƙasa-ƙasa, kuma Mishi take kallo.

"Ba kowa, Mama. Na rantse da Allah ba namijin da ya gan ta, ba wanda ya san sunanta. Hoton ƙafa ne kawai, aiki ne. Laifina ne, ni na zana."

"Aiki." Tsohuwar ta maimaita kalmar. "Shinkafar da muke ci ran Laraba?"

Daga waje Kombo ya buga ƙyauren. "Mama, me kika gani? Ki faɗa min gaskiya, yau ɗin nan zan tafi da yaran."

Tsohuwar ba ta saki ƙafar ba. Ta dubi ɗakin da jikokinta ke barcin rana, ta dubi surukarta. Sannan ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Magani ne. Ni na ce ta je a sa mata, kwana uku ba ta barci don zafin ƙafa. Ko ni ma sai na nemi izininka?"

Aka ji Kombo yana gunaguni, aka ji matan suna watsewa. Saumu ta kifa kanta a gwiwar tsohuwar tana kuka ba sauti. Bi Mwanaidi ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma ture ta ba. Ta aiki Mishi ta ɗauko mata wani gwangwani a ƙarƙashin gado, garin lalle ne na ganye, da kwano da ruwa. Ta kwaɓa da hannunta ta fara shafawa a kan furen, a hankali, tana cike kowane gurbi, don in aka bar shi haka, gobe in ya nuna ko makaho zai ga furen.

"Shekara goma sha ɗaya tana gidan nan," ta ce, ba ta ɗago ba. "Tun lallen aurensu, Mwinyi bai taɓa samun sararin biya a yi mata fure irin wannan ba. Kullum sai ya ce in kifi ya yi kasuwa."

A nan ta tsaya ta share ido da bayan hannu, lalle ya ɓata mata kunci. Mishi ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, tsohuwar ta ɗaga mata hannu.

"Ban tambaye ki mutanen da ke kallo ba, kuma ba na son in sani. In ta fita takaba, ita da ke da Allahnku. Amma kwana talatin da takwas suka rage wa ɗana a jikin matarsa. Ki bar masa su."

Mishi ta ce to. Ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita, ta wuce Kombo a dakali ba ta gan shi ba, sai da ta kai bakin titi ta tuna ba ta sa su ba.