Farin Lagwanin Ɗanasabe

Duk wanda ya ce mini ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ji nake kamar in kai masa mari. Ni na ga ta yi 'ya'ya a Kaura Namoda, har da jikoki, kuma a kan Ɗanasabe mai kyandir ta haife su. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ni Labbo gishiri da kanwa nake sayarwa, mota ɗaya muke shiga zuwa kasuwar Shinkafi ran Alhamis, wani lokaci mu leƙa Zurmi. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba.

Da can Ɗanasabe ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa, buhun gyaɗa da na auduga sun cinye masa wuya tun yana saurayi. A nan ya ga wani ma'aikacin tashar, mutumin kudu, yana zuba kyandir a bayan gidansa, ya yi ta kallo har ya iya. Da jirgi ya fara zuwa yau gobe babu, sai ya riƙe wannan sana'ar. Shekarar da aka yanke mana Jihar Zamfara daga Sakkwato an sha murna, amma murna ba ta haska ɗaki. Kananzir ya yi ɓatan dabo, wutar lantarki kuwa sai dai ka kalli waya ka yi mata addu'a. Sai kasuwar Ɗanasabe ta buɗe.

Kakin kyandir yakan sayo daga Gusau, ya gauraya da kakin zuma da Fulanin wajen Banga ke kawo masa, ya narkar a wata tsohuwar tukunya, ya ɗura a gutsattsarin bututun ƙarfe da ya kafa cikin yashi. Wannan duk mai hannu zai iya. Abin da yake taƙama da shi lagwani ne. Gwaggonsa Saliha, yayar mahaifinsa wadda ta raine shi, ita ke kaɗa masa abawa, zaren hannu mai kauri, da audugar gona. Tsohuwa ce, ba ta da ɗa a raye sai shi, a ɗakin da ke kusa da ƙofar gidansa take zaune da mazarinta. Shi kuma ya kitsa zaren, ya jiƙa a ruwan gishiri, ya shanya, ya tsoma a kaki kafin ya zura a bututu. In ka kunna, harshen wutar tsaye yake, ba hayaƙi, ba ya tsiyaya ya ɓata maka tabarma. Laifin lagwanin ɗaya, ba fari ba ne. Launin ƙasa-ƙasa gare shi, kamar taguwar da ta sha wanki.

To mutanenmu da ido suke sayayya. Mace za ta ɗauki kyandir ta juya shi, ta yatsine fuska kamar an miƙa mata mushe.

"Malam, mi ya sami lagwanin ga naka? Dauɗa ta?"

"Ba dauɗa ba ta, Hajiya, abawa ta. Kunna shi ki gani."

"Na kanti hwari na tas."

"Na kanti ya kai nawa daɗewa?"

Za ta saya, don nasa ya fi araha kuma ta san ya fi daɗewa, amma sai ta bar masa baƙar magana a kan tire kafin ta wuce. Haka masu shayi, haka ɗaliban kwaleji, haka masu tireda. Ni abin yana ƙona mini rai. Mutumin da ƙeyarsa ba ta ga sabulu ba tun sallar bara, shi ne zai tsaya yana ƙyamar zaren da za a cinna wa wuta. Ɗanasabe dariya kawai yake yi, ya ce mai saye sarki ne. Mutum ne mai sanyi, irin wanda za ka taka masa ƙafa ya ce maka sannu.

Ana haka aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Mun yi murna, ni ma har da ni, an rufe gidajen giya, 'yan caca sun shiga taitayinsu. Amma wani abu ya biyo baya wanda ba malamai suka kawo shi ba. Kowane zauna-gari-banza ya wayi gari mai fatawa. Wanda bai iya alwala daidai ba, shi ne zai tsare ka yana tambayar halaccin igiyar takalminka. Har an taɓa tambayar Ɗanasabe ko da kitsen alade a kakinsa. Ya kai su gida suka ga buhun kakin da idonsu, magana ta mutu.

Wanda ya karya shi Alhaji Hafiz ne, mai babban kanti a Zurmi, wanda ke sarar rabin abin da yake zubawa. Ina tsaye a wurin ya ce masa:

"Ɗanasabe, mutane sun waye. Lokacin tsabta na yanzu. In ba ka yi mani hwarin lagwani, kak ka ƙara kawo mani kaya."

"Alhaji, ai wanga ya hi ci."

"Ni ba ci nika saidawa ba, abin da ido ka so nika saidawa."

A mota na ce wa Ɗanasabe ya rabu da Alhajin. Ya ce, "Labbo, iyali gare ni."

Ya gwada farin zaren teloli. Ashe da roba a cikinsa, da wuta ta taɓa shi sai ya dunƙule ya mutu. Ya gwada wanke abawar da sabulu da bula, ta ƙi fari, ta kuma daina shan kaki. Ya zaga Kaura, ya zaga Gusau. Daga ƙarshe ya gano farin ƙyalle ɗaya da yake auduga zalla, wato alawayyo. In ka warware zarensa ka kitsa, yana ci kusan kamar abawa, ga shi fari fat. A kasuwar Shinkafi akwai wani dattijo, Malam Zubairu, mai rumfar alawayyo, ya yarda ya riƙa tara masa guntayen da kan rage a ƙarshen bandir. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ke kai mutum rumfar alawayyo, likkafani ne. Ɗanasabe ma ya sani. Amma shi hankalinsa na kan zare, bai kawo komai a ransa ba, ni ma ban kawo ba.

Ranar da ya gaya wa Saliha ta huta da kaɗi, ina zaune a zauren. Ta ce, "To, Ɗanasabe. Allah shi ba da kasuwa." Ta naɗe sauran audugar ta tura ƙarƙashin gado. Ya ci gaba da ciyar da ita kamar kullum, amma daga ranar sai ka gan ta zaune a ƙofar ɗaki hannuwanta bisa cinya, tana kallon kaji.

Kasuwa kuwa ta zo. Waɗanda suka yi ta yatsina jiya, su ne yau ke cewa, "Yawwa, yanzu ka yi abin mutane." Alhaji Hafiz ya ƙara yawan abin da yake ɗauka. Kyandirin bai kai na da daɗewa ba, amma wa ya damu? Fari ne.

Wata Alhamis muna cikin motar dawowa, an cushe mu kamar buhunan albasa, sai wani ɗan kamasho da ake kira Abbati, mai bakin da ba ya rufuwa, ya ga ƙullin farin ƙyalle a cinyar Ɗanasabe.

"Kai Ɗanasabe, kowace Alhamis ina ganin ka wurin Malam Zubairu. Halan gidanku kullum mutuwa akai?"

Aka yi dariya. Da ni ne, da na ce masa ina ruwanka, a wuce wurin. Amma Ɗanasabe bai iya ɓoye-ɓoye ba. Ya buɗe ƙullin ya ce, "A'a, lagwani nika yi da shi." Wata mata a baya ta ce, "Inna lillahi."

Magana zarar bunu ce. Kafin mu sauka Kaura, an ce yana sayen zare a rumfar likkafani, wannan gaskiya ne. Kafin Juma'a ta zagayo, an ce ragowar likkafanin mamata yake bi gida-gida yana karɓa. Da maganar ta isa Zurmi ta yi ƙiba, wai kabari yake tonewa ya tuɓe gawa. Wata ta rantse tun da ta kunna kyandirinsa jaririnta bai daina firgita ba. Wani mai shayi ya ce shi dama yana jin ƙanshin turaren gawa in ya kunna. Ƙanshin zuma ne, ɗan banza, shekara da shekaru kana shaƙarsa kana lumshe ido! Mata suka riƙa watso kyandir a bola. Alhaji Hafiz ya maido masa da kyandirinsa a kwali, ko saƙon gaisuwa babu, shi da ya ce sai fari.

Aka kai ƙara wurin mai unguwa. Nan dai aka yi adalci, ba zan ci hakkin kowa ba. Malam Zubairu ya bar rumfarsa ya hawo mota tun daga Shinkafi, ya tsaya gaban jama'a ya ce ƙyallen nan daga bandir ya fito, bai taɓa jikin kowa ba, rayayye ko matacce. Limamin unguwa ya ce alawayyo tufa ne kamar kowane tufa, babu haramci ko ƙwayar zarra, ya kuma karanto musu abin da Allah ya ce a kan zato da yi da mutum. Aka tambayi masu kula da maƙabarta, suka ce ba kabarin da aka taɓa. Kowa ya gyaɗa kai, aka shafa fatiha, aka watse.

Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Ba wanda ya dawo saye. Za su gaishe shi, su ce, "Ai mun san ƙarya akai maka, Malam," su wuce tiren nasa su je su sayi na kanti. In ka matsa wa mutum sai ya ce, "Ni dai raina ne bai kwanta ba." An wanke shi a zauren mai unguwa, a cikin zukata kuwa ko ruwa ba a yayyafa ba.

Ya koma wurin gwaggonsa kansa a sunkuye. Ba ta yi masa gori ba, ta jawo audugar daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe. Yatsunta sun riga sun sage, zaren yana tsinkewa tana ƙullawa, amma ta kaɗa. Ya zuba sabon kyandir da lagwaninsa na asali, muka kai Shinkafi. Mace ta farko da ta ɗauka ta duba, ta sake shi ya faɗi ƙasa, ta goge hannunta a zane.

"Kun gani ko? Ga jar ƙasar kabarin nan ta hito a jikinai!"

Wallahi sai da aka riƙe ni. Na ce mata tun ba ta yi wayo ba ake kunna wannan abawar a ɗakin uwarta. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Ɗanasabe ya durƙusa ya tsince kyandirin da ya karye, ya ce, "Bari, Labbo." An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ya yi baƙi sun ce dauɗa, ya yi fari sun ce likkafani, ya koma baƙi sun ce kabari. Ban san launin da zai gamsar da mutanen nan ba.

Daga ranar bai sake hura wuta ƙarƙashin tukunyar kaki ba. Ya koma dako a tashar mota, da furfurarsa, yana ɗora buhun albasa da gero. Bai taɓa zagin kowa ba, ni nake zagi a madadinsa. Amma na lura ya daina sa fararen kaya ko ran Juma'a, kuma in an yi rasuwa a unguwa yakan tsaya can bayan sahu, da an sallame ya juya gida, ba ya bin gawa maƙabarta. Mutumin da da shi ke fara ɗaukar makara.

Damina ta gaba Saliha ta kwanta, ciwon bai daɗe ba. Da hantsi na ji kuka ta katanga, na shiga. Mata sun ɗora ruwa, an aika a sanar da dangi, masu haƙa sun tafi. Saura likkafani, kuma kowa ya san wanda ya kamata ya sayo, ita ta goya shi, ba ta da ɗa sai shi. Na fito na same shi a ƙofar gida ya sa takalmi, yana kallon hanyar kasuwa. Ya taka kaɗan ya tsaya. A bakin titi akwai masu shayi da 'yan kamasho zaune a benci, sun juyo suna kallon gidan.

Ya dawo ya kama hannuna.

"Labbo, don Allah tahi ka sawo ma Gwaggo. In sunka gan ni wurin, cewa za su yi da ita ma zan yi lagwani."

Na tafi na sayo. Da na dawo na miƙa masa, ya ƙi karɓa a gaban mutane. Ya mayar da hannuwansa baya, ya ce in shiga da shi in ba matan da kaina.