Dattijo da Farantin Sola

A tashar Sabon Birni, Radiyya mai fura tana kallon wani dattijo da ba ta sani ba. Siriri ne, rawaninsa ya koɗe, ya jingina farantin sola a gwiwa, irin wanda wata ƙungiyar ƙetare ke rabawa don famfon rijiya. Halama mutanen garinsu ne suka wakilto shi.

Yana ɗibar laka a bakin kwata, yana shafe fuskar farantin a hankali.

Ta ce, "Baba, sabo ne fa!"

Bai ɗago ba. "Ɗiyata, za ni Kamarawa. In ya yi ƙyalli bisa mota, mutanen daji masu bindiga na hango shi."

Direba na ta kiran fasinjan garin Isa, hanyar Kamarawa. Ba wanda ya miƙe sai shi.